Wai da gaske ɗumamar teku ce ta sa kifin ƙanƙara ya koma haka, ko dai dala ce kawai?

MaiKifi_BK
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimi ina da tambaya. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sai da kifin ƙanƙara a nan Birnin Kebbi, daga Legas ake ɗauko mana shi a mota mai sanyi, titus da kote da shawa, wani lokaci har fanla. Tsadar kam kowa ya sani ba sai na faɗa ba, amma abin da ya fi damuna shi ne in ka buɗe kwalin titus yanzu sai ka ga ƙanana ƙanana, ba irin manyan nan masu maiƙo da muke samu da ba, wani watan ma a ce babu gaba ɗaya sai dai ka ɗauki kote. Jiya ɗan yayata da ke karatu a Aliero ya ce min wai kawu ai teku ne ke ɗumama, kifi na gudu yana canza wuri, kuma wai abin ba na shekara ɗaya ko biyu ba ne har jikokinmu za su same shi. Ni ban taɓa ganin teku ba sai a waya. Gaskiya yaron nan ya faɗa ko boko ne kawai ke ɗibarsa?

Sani_Jega77
Dala ce Alhaji, kar ka wahalar da kanka. Farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a banki, kafin 2024 ta yi nisa ta haura 1,500. Kifin nan da dala ake sayo shi, ga dizal na mota daga Legas zuwa nan, ga janareta saboda wuta ba ta tsayawa. Mene ne haɗin teku da wannan?

Ummu_Khalifa
Wa alaikumus salam. Ni dai a gidana an daina titus tun bara, shawa muke sa wa miya, yara na ta ƙorafin ƙaya. Ina nan ina jiran amsa ni ma.

Malam_Kimiyya_Zuru
Sani_Jega77 maganarka gaskiya ce amma rabin gaskiyar ce. Dala ta yi bayanin tsada, ba ta yi bayanin inda kifin ya tafi ba. Alhaji MaiKifi, yaronka bai yi ƙarya ba, bari in ɗan yi bayani yadda nake yi wa 'yan ajina.

Hayaƙin da ake fitarwa na fetur da gawayin ƙasa da gas yana taruwa a sama yana riƙe zafi kamar bargo. To wannan ƙarin zafin, kusan kashi 90 cikin 100 ɗinsa teku ne ke shanye shi, ɗan ragowar ne muke ji a jikinmu a watan Afrilu muna cewa duniya za ta tashi. Shi kuma kifi jininsa ba irin namu ba ne, zafin jikinsa na bin zafin ruwan da yake ciki, kuma kowane iri da sanyin da ya saba da shi. In ruwa ya ɗumama sai ya matsa inda ya fi sanyi, ko ya yi ƙasa ko ya yi arewa can wajen ƙanƙara. Titus ɗin da kake sayarwa yawancinsa daga arewacin tekun Atlantika yake, wajen su Nowe da Ailan da tsibiran Faro. Daga wajen 2007 aka fara ganinsa da yawan gaske a ruwan Aisland inda da ba a kama shi sosai, har rigima ta tashi tsakanin ƙasashen kan wa zai kama nawa, kowa ya yanka wa kansa kaso, jimillar kamun ta yi shekaru tana wuce abin da masana suka ba da shawara. Ka ga abu biyu sun haɗu ke nan, kifi ya canza gida, mutane kuma sun yi masa rubdugu.

Sani_Jega77
To Malam ai ka dawo kan maganata, kwaɗayin mutane ne ba zafi ba.

Malam_Kimiyya_Zuru
A'a ban dawo ba. Da kifin bai matsa ba da tsohon rabon da suka yi bai lalace ba.

DirebanLegas
Alhaji MaiKifi bari in gaya maka abin da na sani a matsayina na mai ɗauko kayan nan. Titus hawa hawa ne tun daga jirgi, akwai manya akwai matsakaita akwai ƙanana, kowanne da kuɗinsa. Da kuɗi suka yi wuya sai masu shigo da shi suka koma ɗaukar ƙananan don su ne talaka zai iya saya. Manyan ma in sun zo a Legas da Abuja suke ƙarewa ba sa isowa nan. Don haka ƙanƙantar da kake gani a kwali ba lallai daga teku take ba, wata daga aljihu take.

MaiKifi_BK
Direba wannan kam na yarda, na sha jin haka wajen masu ɗakin sanyi.

Rundawa_Kamba
Ku masu kifi kullum cikin kuka kuke. Ku dawo ku ci nama ku huta, saniya ba ta gudu Aisland 😂

Dan_Homa_Argungu
Kai Rundawa rufa muna baki, mahauci mi ya sani ga zancen ruwa in ba wankin tumbi ba. Ranar da fari ya zo mu ga inda za ka samu saniyar.

Ni dai jama'a ban san teku ba amma na san gulbi, cikinai anka haife ni. Abin da Malam ya hwaɗi na cewa kihi na bin sanyin ruwa gaskiya ne, ko nan in bazara ta yi zahi ruwa ya ja baya, gurbi mai zurhi kihi ka komawa, tarwaɗa ta shige laka, karfasa kuwa sai ka ishe ta da sahe tana haki bisa ruwa awa mai hwuka. Tsohona shina ba mu labarin giwan ruwa da sai mutum huɗu sun kama ɗauka, mu ma mun gani, wanda anka kama bikin kamun kihi na Argungu na 2020 da anka dawo da shi bayan an yi shekaru ba a yi ba ai kilo 78 ne. Amma wanga a Matan Fada ne inda Sarkin Ruwa ka hana su shekara guda cur. Je ka sauran wurare ka gani. Yauni da balli da ragon ruwa da munka tashi muna ci, yanzu sai ka yi kwana da kwanaki ba ka sa su ga ido ba. In gulbi ɗan wanga ya canza haka cikin rayuwar mutum guda to teku ma ba ƙarhe ba ne.

Rundawa_Kamba
Allah ya huci zuciyar masunta, wasa nake. Amma bashin kilishin nan yana nan fa.

Injiniya_Mafara
Dan_Homa ka yi haƙuri, kar mu ɗora wa sauyin yanayi komai. Gulbinku daga wajenmu yake zuwa. An gama madatsar Bakolori nan Talata Mafara a 1978 a kan gulbin Sakkwato, aka zo aka yi ta Goronyo a kan Rima. Da can in damina ta yi ruwa na malala ya cika fadama, a cikin ciyawar fadamar nan kifi ke ƙwai 'ya'yan su girma kafin ruwa ya janye. Da aka tare ruwa sai malalar ta ragu kuma lokacinta ya canza. Ga noman shinkafa na rani ko'ina injin na zuƙar ruwa, ga maganin feshi, ga masu kamu da gidan sauro suna kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba, ga masu zuba guba. Ko da duniya ba ta ɗumama ko kaɗan ba waɗannan sun isa su ƙarar da kifi.

Dan_Homa_Argungu
Masu gidan sauro kam Allah shi shirye su, wannan ban musa ba.

Bagungiya_Yauri
Injiniya ya taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Kakannina a kan tsibiri suke kafin a gama Kainji a 1968 ruwa ya ci garuruwan aka tashe su aka maido su tudu. Kakata har ta rasu tana cewa shekarun farko bayan tafkin ya cika kifi har ba a san yadda za a yi da shi ba, daga baya ya yi ta raguwa. Yanzu warangi ma da muke shanyawa sai an sha wuya, masu jan ragar nan da ake kira dala sun yi yawa. Amma ni tambayata daban ce, ta koma kan ta Alhaji. Ruwan Kwara daga nan gangarawa yake yi ya faɗa teku, ba tekun ne ke hawowa wajenmu ba. To ko ya tafasa ma mene ne namu a ciki banda titus? Ai sai mu ci namu na banda.

Dalibi_Aliero
Anti Bagungiya wannan tambayar ita ce gaba ɗaya maganar. Ruwan da ke gangarawa teku ta ƙasa, ta sama yake dawo mana. Damunarmu daga tekun Atlantika take tasowa, iskar nan mai laima da ke fara kaɗowa daga kudu maso yamma a ƙarshen bazara, tururin tekun Gini ta kwaso. Shi ya sa Legas da Fatakwal suke fara samun ruwa watanni kafin mu. Kuma nisan da hadarin zai yi zuwa arewa yana da alaƙa da yadda zafin ruwan teku yake, wane ɓangare ya fi ɗumi, na arewa ko na kudu. Farin da aka yi a 1973 da na 1984, da farko Turawa cewa suka yi laifinmu ne, kiwo ya yi yawa mun sare itatuwa. Daga baya da aka zurfafa bincike aka gano canjin zafin ruwan tekuna ne babban dalili. A 1985 sai da Kwara ta tsaya cak a Yamai, mutane na tsallakawa da ƙafa. Kin ga tekun da ba mu taɓa gani ba shi ke riƙe da gero da shinkafarmu, har da kifin bandar da kike magana.

Bagungiya_Yauri
Ikon Allah. Kwara ta tsaya? Zan tambayi babana wannan.

Baba_Ngaski
'Yata ba sai kin je nesa ba, ni na ga shekarun. A 1984 ina saurayi, mun sayar da shanun huɗa biyu a kuɗin da bai kai na ɗaya ba, mutanen Nijar suna ta shigowa da iyalansu. Ban je Yamai ba amma 'yan'uwanmu Sarkawa da ke yawon su har can sun ba mu labari. Sai dai yaro ka faɗa mini, in teku na ƙara zafi fari za mu samu ko ambaliya? Don ni a 'yan shekarun nan ambaliya na fi gani. 2012 mun sha, 2020 kuwa shinkafar jihar nan kusan duk ruwa ya shanye, 2022 ma haka.

Dalibi_Aliero
Baba Allah ya ƙara lafiya. Duka biyun. Iska mai ɗumi ta fi ɗaukar laima, duk ƙarin digiri ɗaya tana iya riƙe ƙarin kusan kashi 7 cikin 100 na tururi, to in ta tashi saukewa sai ta juye lokaci guda kamar da bakin ƙwarya. Sai kuma a yi kwanaki ba ɗigo shuka na ƙonewa. Manomi ya fi son ruwa kaɗan kaɗan a kan lokaci, kifi ma malala mai daɗewa yake so ba wadda za ta zo da hauka ta wuce ba.

MaiKifi_BK
Wai Dalibi_Aliero ba kai ne ɗan yayar tawa ba kuwa? 😅 Maganar taku iri ɗaya.

Dalibi_Aliero
A'a Alhaji, ni ɗan Gwandu ne, amma ƙila malaminmu ɗaya.

Ustaz_Bunza
Jama'a a dinga tunawa ruwa da fari da arzikin teku duk a hannun Allah suke. Amma wannan bai kore sababi ba. A Suratur Rum aya ta 41 an faɗa mana ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Don haka wanda ya ce ba ruwan ɗan Adam bai yi daidai ba, wanda kuma ya ce an gama ba sauran fata shi ma bai yi daidai ba.

Kabir_Tema
Gaisuwa daga Gana. Ni ɗan Bagudo ne amma shekarata tara a Tema, bakin teku nake aiki kusa da inda jiragen ruwa na katako ke sauke kifi, don haka bari in faɗi abin da ido ya gani. Akwai wani ɗan ƙaramin kifi dangin shawa da shi ne abincin talaka a nan, lokacinsa daga Yuli zuwa Satumba, lokacin ne ruwan sanyi ke tasowa daga ƙarƙashin teku ya kawo abinci sama kifi ya taru. Tsofaffin masunta na cewa da a wannan lokacin har mata su rasa wurin banda. Yanzu mutum goma sha su fita da mai na kuɗi masu yawa su kwana su dawo da abin da bai biya man ba, rabin ragar ma leda ce. Gwamnatinsu har ta fara rufe kamu na wata guda a shekara ko kifin zai farfaɗo. Su kansu in ka tambaye su abu biyu suke faɗa, manyan jirage na waje masu share ƙasan teku, da kuma cewa ruwan ba ya sanyi yadda ya saba a lokacinsa. Ba su je makaranta ba amma da ƙafarsu suke auna shi kullum.

Sannan akwai wata ciyawa ruwan ƙasa da teku ke turowa gaɓa tuli tuli, tana ruɓewa tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai tana cika raga. An ce tun wajen 2011 ta fara addabar gaɓar Afirka ta Yamma, har Legas da Saliyo.

Sani_Jega77
Kun ji ko, manyan jirage. Sata ce ake mana ana cewa yanayi.

Malam_Kimiyya_Zuru
Sani kai dai ka rantse sai abu ɗaya. Mutum na fama da zazzaɓi ɓarawo ya shigo masa, sai ka ce ba zazzaɓi don ka ga ɓarawo? Bambancin shi ne ɓarawo in an yi da gaske ana iya korarsa bana, kifi ya farfaɗo cikin 'yan shekaru. Zafin da ya shiga teku kuwa ba ya fita da wuri. Ki tuna Ummu_Khalifa in kin sauke tukunyar ƙasa daga murhu ai tana ci gaba da tafasa. To teku zurfinsa a matsakaici ya kusa kilomita 4, ruwan ƙasa da na sama suna ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin su gauraya. Ko yau duniya ta daina hayaƙi gaba ɗaya, zafin da ya riga ya shiga zai ci gaba da nutsawa ƙasa, tekun ya ci gaba da tasowa. Abin da yaron Alhaji ke nufi da jikoki ke nan.

Kuma ba zafi kaɗai ba. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar na sanyi, abin da Dan_Homa ya gani na karfasa tana haki ke nan. Daga 1960 zuwa yanzu tekuna sun rasa kusan kashi 2 cikin 100 na iskar, ka ji kamar kaɗan amma ba a raba asarar daidai ba, wasu wuraren sun koma kusan kufai. Na uku, teku na shanye wajen kashi ɗaya cikin huɗu na hayaƙin kabon da muke fitarwa, in ya narke a ruwa sai ya ƙara masa tsami, irin gas ɗin lemun kwalba. An auna, tsamin ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100 tun da aka fara masana'antu.

Ummu_Khalifa
Malam kana nufin ruwan teku ya koma kamar ruwan tsamiya? To ai kifin zai dahu da kansa.

Malam_Kimiyya_Zuru
Hhh a'a Hajiya. Har yanzu ya fi kusa da ɓangaren kanwa, ma'auninsa ya sauko ne daga wajen 8.2 zuwa 8.1, sai ya yi ƙasa da 7 ake ce masa mai tsami. Amma halittu masu ɓawo, su kawa da dodon koɗin teku da wasu 'yan mitsi mitsi da ƙananan kifi ke ci, da sinadarin alli suke gina ɓawonsu, wannan ɗan canjin na sa ginin ya yi musu wuya. In na ƙasa ya rasa abinci na sama ma ya rasa.

Hajiya_Murjanatu
Ni abin da ya ja hankalina da na je Umra muka tsaya Jidda, an kai mu bakin Bahar Maliya wani ɗan'uwanmu mazaunin can ya ce duwatsun nan masu launi na ƙarƙashin ruwa wai masu rai ne, dangin murjani. Na ɗauka wasa yake, ni da sunana ma ban sani ba.

Dalibi_Aliero
Hajiya da gaske ne, ƙananan halittu ne suke gina dutsen su zauna a ciki, kuma akwai wani gansakuka da ke rayuwa a jikinsu yana ba su abinci da launi. In ruwa ya ɗara yadda suka saba da digiri ɗaya kacal na 'yan makonni sai su kori gansakukan su yi fari fat, in zafin ya daɗe su mutu. Wurin bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren halittun teku suna dogara da shi, kamar fadama ce ga kifin gulbi. Babban na Ostireliya mai tsawon sama da kilomita 2,000 ya yi farin nan a 1998, 2002, 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Ku duba yadda tazarar ke matsewa, kuma yana buƙatar shekara goma ko fiye kafin ya murmure. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce in ɗumamar ta kai digiri 1.5 za a rasa kashi 70 zuwa 90 na irin waɗannan, in ta kai digiri 2 kusan duka.

Sani_Jega77
Ostireliya kuma. Muna fama da kuɗin buhun taki ana kai mu Ostireliya.

DirebanLegas
To bari in dawo da kai gida Sani. Bar Beach da muke zuwa shan iska a Legas lokacin ina yaron mota yanzu babu shi, teku ya yi ta cin gaɓar har yana hawa titi, daga baya aka cike wurin da yashi da manyan duwatsu aka yi Eko Atlantic. Masu kuɗi sun yi wa kansu katanga. Amma je ka Ayetoro a jihar Ondo, garin masunta ne, teku ya cinye gidaje da makarantu, mutane na ta matsawa baya. Waɗanda ke kamo mana kirafish da ake sa wa miya irin waɗannan garuruwan ne.

Injiniya_Mafara
Direba a nan ma sai an yi adalci, zaizayar Legas akwai hannun katangun duwatsu da aka gina a bakin tashar jirage tun zamanin Turawa, sun tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa. Amma tashin teku gaskiya ne, kusan santimita 20 daga 1900 zuwa yau kuma saurin na ƙaruwa. Dalili biyu ne, ruwa in ya ɗumama yana kumbura, sannan ƙanƙarar da ke kan tudu a Girinlan da Antatika da kan duwatsu na narkewa tana gangarowa. Wadda ke yawo a kan ruwa ba ta ƙara komai, sa ƙanƙara a kofin zoɓo ka bari ta narke ka gani ko zai zube. Santimita 20 kamar tsawon tafin hannu ne amma a ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin Neja Delta ruwan gishiri na shiga nesa, ya lalata rijiyoyi ya taɓa dazukan nan na cikin ruwa inda kifin teku ke renon 'ya'yansa.

MaiTafki_Yelwa
Ina ta karantawa ban yi niyyar magana ba sai da Anti Bagungiya ta ce mu ci namu na gida. Ni kiwon tarwaɗa nake, tafki huɗu. Abincin da muke ba su, musamman na 'yan ƙanana, da garin kifin teku ake haɗa shi. Babbar mai fitar da garin nan a duniya ita ce Peru, kuma a 2023 da ruwansu ya ɗumama saboda abin da ake kira El Nino sai da suka soke kakar kamu ta farko gaba ɗaya. Ga masana'antun garin kifi da aka cika a Muritaniya da Senigal da Gambiya suna niƙe kifin da mutane ya kamata su ci, sai an niƙa kilo huɗu zuwa biyar kafin a sami kilo ɗaya na gari. Ka ga ko tarwaɗar Yawuri da ba ta san hanyar Legas ba teku take ci. Kuɗin abinci ne ke cinye fiye da rabin jarina, bara tafki biyu na bari ba kowa a ciki.

Kabir_Tema
Gaskiya MaiTafki. Akwai 'yan Senigal da muke hulɗa da su nan, suna cewa kifinsu ya yi arewa wajen Muritaniya da Maroko, samarin da suka gaji su daga iyaye yanzu jirgin kamun ne suke cikawa da mutane su nufi tsibiran Kanari na Sifen. A 2024 kaɗai sama da mutum 46,000 suka isa can, banda waɗanda ruwa ya ci.

Ustaz_Bunza
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sani_Jega77
To naji, a ce duk gaskiya ne. Afirka gaba ɗayanta hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin 100 ba. An yi taron sauyin yanayi na Faris a 2015 an cimma yarjejeniya, me ya canza? 2024 ma aka ce ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa. Kifi ya bar ruwanmu ya tafi na waɗanda suka yi ɓarnar, su kama su sayar mana da dala. Ni me zan yi a Jega, in daina kunna babur?

Malam_Kimiyya_Zuru
Yau dai mun haɗu a wuri ɗaya da Sani. Hasashen masana ma haka ya nuna, ƙasashe masu zafi irin namu su za su fi rasa kifi, na can arewa wasunsu ma ƙaruwa za su samu na wani lokaci. Ga shi ana cewa Najeriya na buƙatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba.

Dan_Homa_Argungu
Babur ɗinka ba shi ne ba Sani. Abin da ag ga hannunmu shi ne gulbi. Kakanninmu ba su karanta komi ba amma sun san a rufe ruwa a bar kihi shi hayayyahwa, wanda ya saɓa a ci shi tara. In anka maido wanga ko'ina ba Matan Fada kaɗai ba, anka ƙone gidan sauro, wallahi da an ga canji. Sai dai mai jin yunwa yau wa za ya ce mai shi jira wata ukku?

Baba_Ngaski
Nan ne gizo ke saƙar, ɗana. A zamaninmu masunci na da gona, in an rufe ruwa ya koma tudu. Yanzu gonar ma wasu ba sa iya zuwa.

Bagungiya_Yauri
Na tambayi babana zancen Kwara, ya ce ƙwarai an yi, har ya ce shekarun nan ruwan da ke zuwa mana lokacin sanyi daga can Gini da Mali bai zo da ƙarfi ba. Ya ce in tambayi Dalibi, dam ɗin da Nijar ke ginawa a Kandaji in an gama shi wannan ruwan zai ci gaba da isowa?

MaiKifi_BK
Na gode jama'a Allah ya saka. Abin da na fahimta yau dala ce, gobe teku ne, Sani da Malam kowa ya riƙe gefe ɗaya na kwalin. Zan ba yaron haƙuri don har na ce masa boko ya ɓata shi. MaiTafki ka turo min saƙo ta akwati, ina son in fara haɗawa da busasshiyar tarwaɗa ko da kaɗan ne in gwada kasuwar. Direba motarku ta taso kuwa? An ce min tun shekaranjiya tana Kwantagora.

DirebanLegas
Ba tawa ba ce Alhaji, ni ina Apapa muna layi. Kuma titus babu a wannan lodin, kote ne da shawa.

Ummu_Khalifa
Shawa kuma 😩 Alhaji ka ajiye min kote kilo biyu.

Rundawa_Kamba
Hajiya tayin nama na nan.